Yini Guda a Kufan Mutanen Ceroki

Suna ne ya kai ni Atlanta. Ɗan yayata, wanda ya tashi a hannuna, Allah ya ba shi 'yar fari, uwarsa kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce Kawu ya je ya wakilci dangi. Aka yanka rago, aka ci aka sha, baƙi suka watse, ni kuma aka bar ni a falo da talabijin kamar mai jinya. Kwana goma zaman ya ishe ni. Da yaron ya ga alama sai ya shiga lissafo mini wuraren da ake kai baƙi: gidan tarihin Coca-Cola, gidan kifaye, manyan kantuna. Na ce masa ni ɗan manoma ne, ya kai ni inda zan ga ƙasa.

"To Kawu, gobe sai mu yi sammako. Akwai wani kufai a arewa, na sha wucewa ta gefensa ban taɓa tsayawa ba."

Muka kama babbar hanya mai lamba 75 bayan asuba. Watan Oktoba ne, ganye ya soma ja da rawaya, ƙasar kuma duk inda aka sare gefen tudu ja ce wur. Tun a hanya na lura sunayen koguna ba su yi kama da Turanci ba: Oostanaula, Conasauga, Coosawattee. Masu sunayen an kore su, sunayen sun zauna. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ta kawo mu kusa da garin Calhoun a jihar Jojiya, muka sauka daga babbar hanya muka shiga New Echota.

Wanda ya zo da tunanin birni zai yi mamaki. Fili ne shimfiɗaɗɗe an aske ciyawarsa, da gine-ginen katako jefi-jefi. A nan majalisar Ceroki, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar Amurka, ta yanke a 1825 cewa za ta kafa babban birninta, kusa da inda koguna biyu suka haɗu suka zama Oostanaula. Shekara 13 kawai garin ya yi. Bayan an kwashe mutanensa a 1838 aka nome wurin, har aka manta takamaiman inda titunansa suke, sai a shekarun 1950 masu tonon tarihi suka bi sawu, aka sake gina wasu ɗakunan aka buɗe wa jama'a a 1962.

Yaron ya nufi ginin majalisa. Ni ƙafata ta ja ni wajen gidan talaka.

Ɗaki ɗaya ne na gungumen itace da aka jera aka cushe tsakaninsu da laka, da murhu a jikin bango. A waje ga rumbun masara, shi ma na katako, an ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓera da danshi, ga ɗan ɗakin da ake ƙyafe nama. Abin da ya tsayar da ni shi ne turmi. Kututturen itace ne aka fafe, ba shi da maraba da na tsakar gidanmu, sai dai taɓaryar. Tamu kai biyu gare ta, tasu kuwa nauyin yana sama, da siririn bakin ake daka, ƙaton kan da ke sama shi ke danno ta ƙasa. Na tsaya ina auna abin a raina, na ga dabara ce: nauyin itacen ya ɗauke wa mace rabin aikin. A irin wannan turmi ake surfa masarar da aka dafa da ruwan toka, a kwaɓa garin da dafaffen wake, a naɗe a ganye a jefa a tafasasshen ruwa. Da aka kwatanta mini sai na ce ai wannan ƙanin alala ne.

Gonar ma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa shuka wake a ƙarƙashin dawa. Ana tara 'yar ƙasa a zuba masara, wake ya hau karan, kabewa ta yaɗu ta rufe ƙasa ta hana ciyawa. Idan amfani ya fara nuna, tsofaffin mata kan hau rumfa a tsakiyar gona suna korar hankaki. Suna da aikin gayya, sunansa gadugi, a taru a gama gonar wannan a koma ta wancan. Amma ga inda muka rabu da su: gonar ta mace ce. Gidan nata ne, rumbun nata ne, 'ya'yan nata ne. Namiji yakan taya sharar daji da shuka, sauran aikinsa farauta ne da yaƙi da zaman majalisa. Kalmar da suke kiran masara da ita, selu, ita ce sunan mace ta farko a labarinsu na asali, wadda masara ta tsiro inda jininta ya zuba. Dangi bakwai gare su, irin su na Kyarkeci da na Barewa da na Tsuntsu, kowa kuma dangin uwarsa yake bi. Ango shi ke tarewa a gidan amarya. In zama ya ƙi, ta fitar masa da komatsansa bakin ƙofa, ya koma wajen uwarsa ko 'yar'uwarsa. Wanda ke da iko a kan yaro, ya hore shi, ya tsaya masa, ɗan'uwan uwarsa ne.

Na juya na dubi direbana. "Ka ji ko? Da a nan aka haife ka, ubanka baƙo ne. Ni ne mai kai."

"Kawu, ai ko a can gida haka abin ya kasance. Wa ya kai ni makaranta?"

Na bar maganar, don ya fi ni gaskiya.

Wannan tsari shi gwamnatin Amurka ta ɗaura niyyar juyawa. Bayan yaƙe-yaƙen da aka ƙone garuruwan Ceroki a cikinsu, cinikin fatar barewa kuma ya mutu, yarjejeniyar Holston ta 1791 ta yi alkawarin ba su kayan noma domin, a faɗar Turawan, su waye. Wayewar tana da siffa: namiji ya ajiye bindiga ya kama garma, mace ta bar gona ta koma ɗaki tana kaɗi da saƙa. Lissafin da ke ƙasan abin ba ɓoyayye ba ne, manomi ba ya bukatar dajin da maharbi ke bukata, ragowar sai a saya. Matan suka karɓi auduga da kaɗi hannu bibbiyu, amma ba su saki fartanya ba. Mazan suka fi karkata ga kiwo, su saki shanu da aladu cikin daji, in bukata ta taso su bi su da bindiga kamar yadda suka saba bin barewa. Mutane suka watse daga manyan garuruwa, kowa ya kafa gidan gonarsa a bakin rafi. Ƙasar ta al'umma ce gaba ɗaya, abin da mutum ya mallaka shi ne abin da ya gina ko ya shuka a kanta.

A 1826 wani saurayinsu, Elias Boudinot, ya zagaya biranen Turawa yana neman gudummawar sayen injin ɗab'i, yana karanto musu dukiyar mutanensa: shanu 22,000, dawaki 7,600, aladu 46,000, garmuna 2,943, na'urorin kaɗi 2,488, masaƙa 762, maƙera 62, makarantu 18. Da na ga alƙaluman sai tausayi ya kama ni. Mutum ne ke kirga kayan ɗakinsa a gaban maƙwabci don maƙwabcin ya yarda shi ma mutum ne, bai san yana yi wa kayan talla ba. A cikin gida kuma wayewar ta ci rabon wasu. Dokar da majalisarsu ta yi a 1808 ta buɗe hanyar 'ya'ya su gaji ubansu, abin da a da dangin uwarsa ke ɗauka. A 1817 mata, ƙarƙashin dattijuwa Nanyehi da Turawa ke kira Nancy Ward, suka aika wa majalisa takarda cewa kada a ƙara sayar da ko taƙi ɗaya. Shekara goma bayan haka aka rubuta tsarin mulki irin na Amurka, ƙuri'a ta zama ta maza zalla.

Daga nan muka shiga maɗaba'a, inda na daɗe har yaron ya fara duba agogo.

Ɗaki ne ƙarami, da injin ɗab'i na hannu a tsakiya, da akwatuna masu ƙananan gurabe cike da haruffan dalma. Mai kula da wurin ya shafa tawada, ya shimfiɗa takarda, ya ja maɗaurin da ƙarfi, ya miƙo mini shafi da sauran danshinsa. Rabi Turanci, rabi wani rubutu da ya yi mini kamar na san shi. Na ga D, na ga R, na ga T, na gyara murya zan karanta. Ashe D ɗin "a" ce, R "e" ce, T kuma "i". Wanda ya ƙirƙiro rubutun ya ga haruffan Turawa a takarda, ya ari surar wasu, bai san sautinsu ba kuma bai damu ya sani ba.

Sunansa Sikwoya, maƙerin azurfa, bai iya karatun kowane harshe ba. Ya dai ga Turawa na aika magana a takarda ta isa yadda aka faɗe ta, ya ce wannan ba tsafi ba ne, dabara ce. Ya fara da yi wa kowace kalma alama, ya ga abin ba shi da iyaka, sai ya koma sauraron yadda kalmomi ke kakkaryewa gaɓa-gaɓa. Ya ƙare da alamomi 86, daga baya aka yar da ɗaya. Shekaru ya kwashe yana wannan, mutane na cewa ya taɓu, wasu na cewa maita yake haɗawa. A 1821 ya kawo ƙaramar 'yarsa gaban manya, aka raba su, aka faɗa masa magana ya rubuta, yarinya ta zo ta karanta tiryan-tiryan. Da yake kowace alama gaɓa ce cikakkiya, mai jin harshen ba ya bukatar koyon haɗa baƙi da wasali. In ya haddace alamomin, ya iya karatu. Cikin 'yan makonni mutum kan koya, ya koya wa na kusa da shi, a bakin murhu, a bakin gona, babu aji babu malamin gwamnati. Da aka yi ƙidayar 1835, masu karatun Ceroki sun fi masu karatun Turanci yawa nesa ba kusa ba, duk da shekara talatin da 'yan mishan suka yi suna koyar da Turancin. Masu maganin gargajiya ma suka samu abin da suke so, suka riƙa rubuta sirrinsu a kundi.

A wannan gari, ranar 21 ga Fabrairu 1828, jaridar Cherokee Phoenix ta fara fitowa, Boudinot na editanta, da haruffan da aka zubo a Boston. Na yi lissafi da yatsu: shekara 111 kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya. Sai kakana ya faɗo mini a rai, mutumin da ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami, amma da masu yaƙi da jahilci suka zo aka sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu ba. Bambancin shi ne Ceroki sun kai nasu rubutun kan injin ɗab'i, da kuɗin majalisarsu, suka buga dokokinsu da shi. Jaridar ta tsaya a 1834, shekara ta gaba dakarun jihar Jojiya suka ƙwace injin. Da masu tono suka zo bayan shekara ɗari da wani abu, sun tsinci ɗaruruwan haruffan dalmar a cikin ƙasa.

Gini ɗaya tak a filin yake tsaye a inda aka gina shi tun asali, gidan ɗan mishan Samuel Worcester. Shi ya tsaya aka zuba haruffan, shi da Boudinot suka fassara Linjilar Matta da waƙoƙin coci. Da Jojiya ta yi doka cewa duk Baturen da ke zaune cikin Ceroki sai ya yi mata rantsuwar biyayya, ya ƙi, aka yanke masa shekara huɗu da aiki mai tsanani a 1831. Ƙararsa ta kai Kotun Ƙoli, a 1832 kotu ta ce dokar Jojiya ba ta da hurumi a ƙasar Ceroki. Hukunci ya fito, mai zartarwa ya kau da kai, don shugaban ƙasa Andrew Jackson ya riga ya sa hannu a dokar kwashe su tun 1830, ga kuma zinariya da aka gano a wajen Dahlonega. Jihar ta yanka ƙasar eka 160-160, wuraren zinariya eka 40-40, ta zuba a ƙuri'a ana raba wa Turawa. Gidan Worcester ma wani ya ci shi.

Muka yi azahar a gindin wata bishiya, muka ci guzurin da maijego ta sa aka ƙulla mana, muka bi ƙaramar hanya arewa zuwa Spring Place.

Tun daga nesa gidan Vann ke kallon mutum daga kan tudu: bene na jan bulo, da fararen ginshiƙai. James Vann ya gama shi a 1804. Ubansa jinin Turawa ne, uwarsa Baceroka, don haka a lissafinsu shi cikakken ɗan dangi ne. Yana da kantuna, da masaukai, da jiragen fito a kan hanyar da ta ratsa ƙasar. A ciki an yi fenti ja da shuɗi da kore da rawaya, ga wani matakalar bene da ta juya a sama ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, ana nuna wa baƙi ita da alfahari. Ni kuwa tambayar da ke cina ita ce wa ya buga bulon. Bayi ne, baƙaƙe irina, fiye da 100 a wannan gandu, wasunsu ma haihuwar Afirka. Vann mashayi ne mai zafin hannu, 'yan mishan da ke maƙwabtaka da shi sun rubuta abin da idonsu ya gani, har da bawan da ya sa aka ƙona da ransa a 1805 kan zargin sata. Shi ma harbe shi aka yi a 1809.

Na fito na tsaya a bayan gidan, jikina a sanyaye. Tun safe zuciyata na tare da Ceroki, yanzu ga ni a wurin da wanda aka zalunta yake zaluntar wani. Ƙidayar 1835 ta samu Ceroki 16,542 da bayi 1,592, kuma gidajen da ke da bawa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mafi yawa irin mai turmin nan ne. Amma 'yan tsirarun su ne suka iya Turanci, su ke rubuta doka. Ban ɗaga murya ba, don wanda ya fito daga ƙasar da aka yi rinji da gandu bai kamata ya cika baki a nan ba.

Vann ɗin nan shi ya ba 'yan mishan na Morabiya wurin zama a 1801. Ba addininsu yake so ba, haka ma sarakunan. Makaranta suke so, 'ya'yansu su iya harshen da ake rubuta yarjejeniya da shi. Da suka ga baƙin sun fi ba da ƙarfi ga wa'azi, majalisa ta ce ko a buɗe makaranta ko a tattara a tafi. Aka buɗe. Shekara tara suka yi kafin su samu mutum ɗaya ya karɓi addinin, a 1810, ita ce kuma matar da Vann ya mutu ya bari. Daga baya wasu suka zo da ƙarfinsu: mishan ɗin Brainerd a 1817, inda Chattanooga take a yau, da makarantar kwana da gona, yara maza a garma mata a ɗinki, sai 'yan Baftis a cikin duwatsu, da 'yan Metodis masu yawo a kan doki. Yaran da suka fi ƙoƙari aka tura su Cornwall a jihar Connecticut. Can Boudinot ya nemi auren wata Baturiya, Harriet Gold, mutanen garin da ke tara kuɗin wayar da 'yan asalin ƙasar suka fito suka ƙona mutum-mutuminsu a dandali. Yadda na fahimta, daga irin wannan ne shi da ɗan'uwansa John Ridge suka fara yanke ƙauna cewa akwai adadin garma ko na makaranta da zai sa a bar su su zauna. Suna cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota ta ranar 29 ga Disamba 1835, suka ba da ƙasar kan dala miliyan 5, ba da yawun majalisa ba. Shugabansu John Ross ya tara sa hannun mutum fiye da 15,000 cewa ba su yarda ba. Majalisar dattawan Amurka ta amince da takardar da rinjayen ƙuri'a ɗaya. A ranar 22 ga Yuni 1839, can a yamma, aka kashe Boudinot da John Ridge da mahaifinsa rana guda.

Kafin mu fita an nuna mana tabon ƙuna a kan matakalar. Bayan an fitar da ɗan Vann, Joseph, da iyalinsa, Turawa biyu suka yi rigima kan wanda zai ci gidan, ɗaya ya jefa itace mai wuta don hayaƙi ya koro ɗayan daga sama.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka tsallaka iyaka muka shiga Tenesi. Red Clay 'yar tafiya ce daga layin, kuma dalilin wurin ke nan: da Jojiya ta hana su taro, sai majalisar ta matso nan daga 1832. Ross kansa ya dawo daga tafiya ya tarar wani ya ci gidansa a ƙuri'a, ya koma ɗakin gungume a wannan yanki. Dubban mutane kan zo da ƙafa su kwana a dajin nan suna sauraron abin da wakilansu suka samo daga Washington. A watan Mayu 1838 soja 7,000 suka bi gida-gida, suka tara mutane a sansani, aka kora su yamma. An ƙiyasta kusan 4,000 suka mutu. Masarar wannan shekara tana gona, ba su suka girbe ta ba.

Akwai wani marmaro a ƙasan bishiyoyi, ruwan shuɗi garau har ana ganin ƙasansa, daga shi mahalarta taron ke sha. Na tattare hannun riga zan yi alwala, yaron ya riƙe ni.

"Kawu, a bar musu wannan. Ga ruwan gora a mota."

Muka yi la'asar a kan ciyawa. Mun so mu ƙarasa maƙabartar Brainerd, wadda ita kaɗai ta rage daga mishan ɗin, a tsakiyar kantuna da wuraren ajiye motoci, amma duhu ya riga mu, muka juya kudu.

Da muka tsaya shan mai ya karɓi shafin da aka buga mini, ya yi 'yan danne-danne a wayarsa, sai ga haruffan Sikwoya sun fito a allon rubutu. Ya lalubo guda uku ya jera, ᏣᎳᎩ, tsa-la-gi, sunan da suke kiran kansu. Ya daɗe yana kallonsu.

"Kawu, takardun nan na kaka da kake faɗa, na ajami, suna ina yanzu?"

Na ce suna cikin wata adaka a ɗakin uwarsa, in gara ta bar su. Na zaro waya zan kira ta, na duba agogo, sha biyun dare ta wuce a gida. Na mayar da ita aljihu sai da safe.